Shekarar da Rigunan Balbelu Sunka Daina Dauɗa

Ku 'yan matan Badariya da kuke leƙowa ta saman katanga kuna cewa Ma'u ta samu aikin banza, wai wanki ne irin na kowane gida, ku matso in ba ku labari. Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji uku na tsaya, amma shekara tara ke nan ina wanke rigunan 'yan ƙwallo, kuma abin da na gani cikin baho ko masu sharhi a rediyo ba su gan shi ba.

Kulob ɗin da nake wa wanki fararen kaya suke sawa tun daga riga har safa, shi ya sa mutanen gari ke ce musu Balbelu. Wanda ya zaɓa musu fari, na rantse bai taɓa riƙe sabulu ba. Suna buga gasar garuruwan kwarin nan namu. Ana biyan 'yan wasa, akwai koci, akwai sakatare, akwai motar tafiya wadda ba ta tashi sai an tura. A bayan gidan kulob akwai rumfar kwano da famfo da igiyar shanya huɗu. Makullin wagga rumfa shi ne sana'ata. Wadda ke riƙe da shi ita ke wankin kulob, kuma ranakun da babu wasa ta wanke kayan maƙwabta a famfon, ba mai ce mata don me. In anka karɓe shi, sai dai in koma gida in zauna ina kallon mijina, wanda lodin albasa yake yi a kasuwa, aikin da rabin shekara ne kawai ake samu.

Ranar da na fara ina 'yar shekara sha huɗu, kuma makullin yana hannun Inna Kulu, wata gajeriyar tsohuwa mai tafin hannu kamar ɓawon kuka. Ta juye buhun kaya a ƙasa, wari ya buge ni har na ja da baya. Na tattara komi zan zuba a baho ɗaya, sai ta ƙwale min hannu da buroshi.

"Ke ɗiyar ga, mi za ki yi? Tuwo za ki tuƙa?"

Wata uku ban taɓa riga ba, safa kawai take ba ni. A nan na koyi cewa jini ba ya son ruwan zafi, sai ruwan sanyi da gishiri, in ba haka ba ya zauna har abada. Koren ciyawa lemun tsami ke fidda shi. Lambar da ke bayan riga roba ce, ana juya rigar ciki waje kafin a cuɗa, in ba haka ba lamba takwas ta koma uku. In kin tsinci ɗan ƙulli cikin safa, ki aje shi bisa taga, kada ki kwance, kada ki tambaya, mai shi zai zo da kansa yana 'yan kame-kame. Kayan aiki kuwa ba su da yawa: baho uku, bokiti biyu, buroshi mai tauri da mai laushi, sabulun sanda, garin sabulu, bula, da dutsen guga na gawayi. Amma babban abin da Inna Kulu ta koya min ba ya cikin waɗannan.

"Kahin ki jiƙa riga, ki karanta ta," in ji ta.

Sai ta ɗaga gajeren wandon lamba huɗu ta nuna min ƙasar da ta goge shi daga ƙugu zuwa cinya a gefe ɗaya. Wanga, in ji ta, ya yi sulu ya ƙwace ƙwallo. Ta ɗaga na lamba biyu, ƙasar na mazaunai. Wanga zaunar da shi anka yi, kuma jama'a sun yi dariya. Wuyan rigar lamba tara in ya zazzago, to ya wahalar da 'yan baya har sunka riƙe shi. Gwiwar hannun gola in ta huje, an sha ruwan ƙwallo. Ni da ita ba mu taɓa shiga filin wasa ba, amma kafin direba ya gama ba da labari mun riga mun san wanda ya yi aiki da wanda ya je yawon shan iska.

A wancan zamani dokar maki mai sauƙi ce: wanda ya ci ya samu uku, canjaras kowa ɗaya, wanda anka ci ya tafi hannu rabbana. Ko ita ma tana fitowa a baho. In a gida munka yi wasa, dauɗar tana gaba, a ƙirji da gwiwa, don an sa kai ana neman uku. In waje munka je, dauɗar tana baya, don mutum goma ne ke tsaye bakin raga suna gadin maki ɗaya kamar masu gadin rumbu. Rigar gola takan dawo da ƙasa a haƙarƙari ɗaya, don da an taɓa shi sai ya kwanta yana juyi kamar mai naƙuda har lokaci ya tafi. Rigar Lawwali kuwa, ɗan gabanmu mai lamba tara, wani dogon yaro mutumin Augie, takan dawo fes, don shi kaɗai ake bari a gaba yana tsaye kamar mutum-mutumi a gonar shinkafa. Wasa ya yi ta tashi babu ci. 'Yan kallo sunka fara raguwa, har masu rake sunka fi masu saye yawa.

Shekarar da na haifi Nafisa, ciwon baya ya hana Inna Kulu aiki, ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ɗaura a nawa. Tun daga ranar nake wanki da ido ɗaya a baho, ɗaya a kan yarinya, don ta taɓa gutsurar sabulun sanda ta haɗiye, kuma bokiti in ya cika ya fi ta tsawo. A shekarar da ta fara tafiya ne masifar ta zo.

Ina cuɗar safa a bakin famfo ran nan sai ga Malam Shehu sakatare da takarda a hannu, Koci Garba na biye da shi. Shugaban kwamitin gasar ya je wani taro a otal a babban birni, ya dawo da jaka mai hannu da sabon tunani. Ya ce maganin wasan da ba a cin ƙwallo shi ne a saka wa masu ci. Malam Shehu ya karanta da ƙarfi: nasara maki uku, canjaras babu ci maki ɗaya, canjaras da ci kowa maki biyu.

Na tsaya da kumfa a hannu. Ko mai tallan gyaɗa ta san wanga lissafi. In kulob biyu sunka yi faɗa, maki uku ne tsakaninsu, ɗaya ya kwashe, ɗaya ya koma gida da ciwon ƙafa. In sunka yi zumunci, huɗu ne, kowa ya ɗauki biyu a yi sallama. Bakina ya riga hankalina.

"To Malam, in haka na, mi za ya hana kowa shi ci ɗaya a zauna lahiya?"

Malam Shehu ya dube ni ta saman gilashi. "Ma'u, wanga al'amari na masu ilimi na. Ke dai ki ji da safa."

Koci Garba mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ke sa a bar mutum a baya. Ya ce shi ƙwallo ya sani, bai san ciniki ba. Wasa uku na farko Balbelu sunka shiga da ƙarfinsu, sunka ci ɗaya, anka ci su biyu. Da anka kafe teburin gasa a ƙofar gidan kulob, sai ga mu can ƙasa mu kaɗai, sauran kulob duk kai ɗaya kamar haƙoran mataji, kowa ɗaya da ɗaya, ɗaya da ɗaya. Ashe tun ranar farko kowa ya gane abin da mai wanki ta gane. Mu ne na ƙarshe saboda mu kaɗai munka buga ƙwallo. Ciyaman ɗin kulob ya kira koci cikin ɗaki, ya fito kansa ƙasa, daga nan mu ma munka shiga sahu.

Buhun farko da ya dawo bayan wannan, na juye shi na ɗauka an yi kuskure an kawo min kayan da na wanke. Ba ƙasa, ba jini, ba ciyawa. Rigar lamba shida har ƙamshin turare take. Direba ne ya faɗa min yadda ake yi. Da an busa, a ba mu hanya mu ci. A mai da ƙwallo tsakiya, mu ba su hanya su ci. Sauran lokacin a yi ta gara ƙwallo a hankali kamar ana lallashin jinjiri. A Augie, kyaftin ɗinmu da nasu sun tsaya a tsakiyar fili suna maganar takin zamani. Golanmu ya koyi shan rake a bakin raga. Wata rana ya manta ya kama ƙwallon da ya kamata ta shiga, sai da ya bi mai bugun yana ba shi haƙuri. Wata rana kuma ɗan gaban wasu baƙi ya sami raga a buɗe har sau huɗu yana bugawa sama, da lokaci ya kusa ƙarewa sai ɗan bayanmu ya gaji, ya karɓe ƙwallon ya jefa a ragarmu da kansa, abokan wasan sunka zo suna yi masa godiya.

Ku kuna ganin in kaya ba su yi dauɗa ba mai wanki ta huta. Haka mai ɗori ya ɗauka shi ma, tsohon da ke bin kulob yana gyaran targaɗe, sai da ya shafe wata biyu ba wanda ya gurɗe ko ɗan yatsa, ya tattara ya koma noman rani. Na je Nassarawa sayen bula wajen Oga Emeka, wanda ya fi shekara ashirin yana sayar da kayan wasa a garin nan, na tarar yana korar ƙuda daga kan takalma.

"Maman Nafi, ki gaya min gaskiya, yaranku ƙwallo suke yi ko zaman makoki? Tun farkon shekara ko safa ɗaya ba ta huje ba! Da kuɗin me zan aika gida?"

Tawa matsalar ta zo a hankali. Da farko Malam Shehu ya ce a riƙa wanki sau ɗaya bayan wasa uku, sauran a shanya su sha iska. Sai na fara ganin wani mai cajin waya yana zagaya rumfar yana auna ta da taku. Ran nan Malam Shehu ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mashin.

"Ma'u, ciyaman shina tambayar amfanin rumfar ga. Wurin ya yi kyau da shago."

Daga ranar, duk sanda na ji motar ciyaman ta tsaya, sai in jiƙa riguna masu tsabta in yi ta dukan su a kan dutse da ƙarfi, don a ji ana aiki. Na wanke tutar kwanar fili, na wanke ragar da ƙwallo ke shiga sau ɗaya a mako, na wanke labulen ofis har ya koɗe. Nafisa na bayana tana barci, ni kuwa ina lissafin watannin da sunka rage kafin albasa ta fito.

Abin da ya cece ni a lokacin shi ne girman kan manya. 'Yan kallo sun yi ta ƙorafi, masu rediyo sun mai da gasar abin ba'a. Amma soke dokar zai zama kamar an ce shugaban kwamiti ya je otal a banza, kuma ba a faɗa wa mai jaka haka. Sai anka bar dokar, anka ɗora mata wata a kai. Daga yanzu za a riƙa aiko mai sa ido kowane wasa, ya duba kayan 'yan wasa. Kulob ɗin da anka ga kayansu fes, alamar ba su yi ƙwazo ba, a cire musu maki ɗaya.

Ba wanda ya ƙara gudu ko taku ɗaya. Abin da ya ƙaru shi ne birgima. A ci ɗaya da ɗaya kamar kullum, sannan ka ga ƙatti masu gemu suna zubewa ba wanda ya taɓa su, suna murza baya a ƙasa kamar jakai a toka. Buhu ya dawo da nauyi, mai cajin waya ya daina zagaye. Dauɗar ta ƙarya ce, ni na sani, don iri ɗaya ce a jikin kowa, gaba da baya, har da rigunan waɗanda ke zaune a benci. Inna Kulu da ta leƙo ta ɗaga riga ɗaya ta juya ta, ta ce wagga ba ta karantuwa, ta yar. Ni dai ban yi ƙorafi ba. Dauɗar ƙarya ma sabulu take ci.

Haka munka lallaɓa har wasan ƙarshe, wanda za a yi a Argungu da kulob ɗin da muke wa laƙabi da 'Yan Tarwaɗa. Saboda gaskiyar Koci Garba ta farkon shekara, har yanzu muna bakin rami. Maki biyu muke nema mu tsira. In ɗaya munka samu mun faɗa rukunin ƙasa, ciyaman kuwa ya rantse in haka ta faru zai rufe kulob ya zuba shinkafa a ɗakunan. An yi magana da mutanen Argungu, sun yarda da ɗaya da ɗaya. Matsalar ita ce filinsu cike yake da tsidau, ƙayar nan mai kai uku da ke huda tayar keke. Su sun san dabararsu, sun jiƙa wani lungu bayan ragarsu sun yi ɗan kududdufi, amma sun ce ruwan na 'yan gida ne, zumunci bai kai nan ba. Yaranmu sunka ƙi.

"Wallahi ba ni birgima cikin tsidau," in ji Lawwali. "Aurena watan gobe na. In tahi gidan surukai ina tahiya awa kaza?"

Washegari da hantsi sai ga Malam Shehu a rumfa, ya yi sallama har sau biyu, abin da bai taɓa yi ba.

"Maman Nafisa, ina gajiya? Ina ɗiyarmu? Wata 'yar shawara ta kawo ni."

Yana so in ɗauko tsofaffin rigunan kulob, masu kaurin yadi, in ɓata su tun daga gida. A buga rabin farko da sababbi, in an tafi hutu a sauya, mai sa ido ya ga ƙwazo. Shekara tara ina fidda dauɗa, yau an zo da girmamawa ana roƙo in sa ta.

Ban taɓa yin aikin da na ba zuciyata irin wannan ba. Na sa direba ya ɗebo min ƙasa daga Argungu, don tasu ta fi tamu ja, kuma duk wanda ya tashi a kwarin nan zai gane. Na kwaɓa ta kashi uku, mai kauri da mai ruwa da busasshiya. Lamba huɗu na goga masa daga ƙugu zuwa cinya. Lamba biyu na sa masa a mazaunai, don kowa ya san halinsa. Gola na yi masa gwiwar hannu da haƙarƙari. Na zazzago wuyan rigar Lawwali da hannuna. Na yayyafa ruwan gishiri a hammata da gadon baya don in ya bushe ya yi farin zufa. Na ɗiga zoɓo a safar kyaftin a madadin jini. Da na shanya su, duk wanda ya karanta igiyar nan zai rantse an yi yaƙi.

A ranar ne Nafisa ta tashi da zazzaɓi. Jikinta kamar garwashi, ta ƙi nono, ta ƙi kunu. Na kai ta kemis na dawo, ina jiƙa tsumma ina shafa mata, ina leƙa igiya, ina komawa in taɓa goshinta. Hankalina duk yana kanta, hannuwana kuwa sunka ci gaba da abin da sunka saba. A sana'armu kaya in sun bushe daga igiya sai dutsen guga, ba a tunani, kamar yadda ba a tunanin sa hannun dama a tuwo. Na hura gawayi. Har ƙyalle na shimfiɗa a kan kowace riga don kada ƙasa ta ɓata min dutsen. Na goge su tas, na ninke, na jera daga lamba ɗaya zuwa sha takwas cikin jakar bakko, na ja zif. Zazzaɓin ya sauka da la'asar, na yi hamdala, ban sake tuna riguna ba.

Ranar wasa Malam Shehu ya ce in bi su, ko za a buƙaci gyara. Mijina ya yarda bayan ya ja min kunne a kan rana da yarinya. Na zauna gaban mota da Nafisa a cinya, munka bi ta fadama shinkafa kore shar hagu da dama, masu kamun kifi na ta jan koma a bakin gulbi. Ranar ce na fara ganin ƙwallo da idona. Rabin farko bai fi zaman jiran likita daɗi ba. Munka ci, sunka ci, kowa ya kama yawo. Wani tsoho kusa da ni yana gyangyaɗi da goro a baki.

Da anka busa hutu, yara sunka zagaya bayan mota, Malam Shehu ya buɗe jakar. Na ga bayansa ya sandare. Ya ɗago rigar farko da yatsa biyu, ta buɗe da kari huɗu a ƙirji, tsaf kamar ta ango.

"Ma'u," ya ce a hankali. "Goge su kinka yi?"

Sai a lokacin na gani. Anka yi ta cukuikuya, wani na murzawa, wani na zama a kai, amma tsohon yadi in ya sha wuta ba ya mantuwa. Alƙalin wasa na ta busa. Sababbin rigunan fes suke, waɗannan kuwa ko ba komi da ƙasa a jiki. Haka sunka sa su sunka fita, mutum goma sha ɗaya, laka har wuya, kowa da kari a hannu mai yanka kamar reza, suna ƙamshin gawayi.

Sai tsohon nan mai goro ya farka, ya murza ido, ya miƙe.

"Kai jama'a! Ku zo ku ga laka da kari!"

Dariya ta tashi kamar an ɓalle dam. "'Yan guga! 'Yan guga!" Mai sa ido, wani tsohon malamin makaranta mai farar hula, ya taka a hankali har tsakiyar fili. Ya kama hannun rigar Lawwali, ya bi karin da yatsa, ya sunsuna.

"Yaro, ina ka faɗi?"

"Can wajen kwana, Malam."

"To. Ka faɗi wajen kwana, sannan anka ɗauke ka anka ninke ka huɗu?"

Ya ciro biro ya rubuta: Balbelu, an cire maki ɗaya. Malam Shehu ya taho inda nake tsaye, bai ko dube ni ba, ya miƙo hannu.

"Ba ni makullin."

Na kwance shi daga bakin zanena na ba shi. Nafisa ta miƙa hannu tana so ta karɓe, don da shi take wasa.

Yanzu canjaras ya zama maki ɗaya, wato rami. Amma Koci Garba yana ƙirga yatsu, sai na ga fuskarsa ta washe kamar wanda anka yi wa albishir. In munka ci, uku ne, a cire ɗaya, saura biyu. Ya tara yaran.

"To, alhamdu lillahi, ciniki ya ƙare. Ku tahi ku buga ƙwallo, in kun tuna yadda ake yi."

Ba su tuna sosai ba. Minti goma da farawa lamba shida ya dafa gwiwa yana haki kamar tsohon injin ban ruwa. Amma Lawwali ya karɓi ƙwallo ya ruga da gaske, kyaftin ɗin Argungu na bin sa yana ihu.

"Lawwali! Mi na haka? Ba haka munka yi da ku ba! Kai, ka ji tsoron Allah!"

Da 'Yan Tarwaɗa sunka gane an fasa zumunci, sai su ma sunka tuna suna da ƙafafu. Anka shiga kai ruwa rana. Ni ban iya bin ƙwallo da ido ba, riguna nake kallo. Na ga lamba huɗu ya yi sulu cikin tsidau, ƙasar gaske ta hau daidai inda na sa ta ƙarya. Na ga lamba biyu an zaunar da shi. Ƙwallo ta biyu da munka ci ba ta da kyau ko kaɗan, an bugo kwana, Lawwali ya yi tsalle ya kuskure, ta bugi ƙeyarsa ta shiga. Sauran lokacin duk a bakin ragarmu anka yi shi. Ana saura kaɗan a tashi sunka bugo wata mai zafi ƙasa-ƙasa, golanmu, wanda rabonsa da faɗuwar gaske tun farkon shekara, ya tashi sama ya zube da cikinsa a kan ƙaya. Har bakin titi an ji ƙararsa, amma bai saki ƙwallon ba. Anka tashi biyu da ɗaya.

An jefe motarmu da ledar ruwa, an kira mu maciya amana. Amma rabin filin tafi suke yi. Tsohon nan mai goro ya leƙo ta taga ya ce, "Kun ci amana, amma Allah shi yi muku albarka. Rabona da ganin ƙwallo tun bara." A mota yara na waƙa suna cire ƙaya daga cinya. Malam Shehu bai yi min magana ba har Birnin Kebbi, makullin na aljihunsa.

Kwana uku ina gida. Na share tsakar gida har ta gaji da ni. Mijina kuwa na ga yana fita tun asuba neman aikin da babu. A cikin kwanakin ne kwamiti ya zauna a kan abin da ya faru a Argungu. Sun duba al'amarin ta ko'ina, sunka gano inda ɓarnar take. Dokar maki biyu tana nan, dokar duba dauɗa tana nan. Abin da anka hana shi ne shiga fili da gogaggun kaya.

Rana ta huɗu anka aiko kirana. Na tarar da Malam Shehu tsaye nesa da rumfa, ya toshe hanci da hula. Buhun na tsakiya a buɗe, ya kwana uku a rufe cikin zafi da zufar gaske da jinin gaske, ƙudaje sun yi masa rawani. Mai cajin waya ya zo duba wuri da safe, in ji direba, ya juya ko sallama bai yi ba. An gwada ba 'yan wasa kowa ya wanke nasa, sun ce su ƙwararru ne.

Malam Shehu ya miƙo makullin daga nesa.

"Ungo. Ki wanke su. Amma don girman Allah, Maman Nafisa, kada ki goge. Doka ta yanzu."

Na ɗaure makullin a bakin zanena, ƙulli biyu. Yini biyu na yi ina zare tsidau ɗaya bayan ɗaya da allura kafin in jiƙa. Na wanke, na sa bula, na shanya. Da sunka bushe na tsaya ina kallon su a igiya, na ce ni dai kaya ba su fita hannuna haka kamar na marayu. Na hura gawayi na goge su tas, daga lamba ɗaya zuwa sha takwas. Sannan na baza su a tabarma, na kwance Nafisa daga bayana, na sake ta a kai ta yamutsa su.